Murya da Fuska: Tarihin Wani Faifan Rawa na 1989

A farkon watan Oktoba na shekarar 1989, wanda ya duba jerin faifan waƙa da suka fi kasuwa a ƙasar Ingila zai tarar da faifai biyu a can sama, ɗaya na bin ɗaya. Na farko sunansa Ride on Time, waɗansu samari uku mutanen Italiya suka haɗa shi, suna kiran kansu Black Box. Na biyu kuwa Pump Up the Jam, daga ƙasar Beljiyam ya fito, da sunan Technotronic. Dukansu biyu kiɗan rawa ne na lantarki, watau irin wanda ba a rataya ganga, ba a busa ƙaho, inji ne ke yinsa. Dukansu biyu muryar mace ce ke jan waƙar. Dukansu biyu kuma, matar da jama'a suka gani a talabijin tana rawa tana motsa baki ba ita ce ta yi waƙar ba.

Faifai na biyun nan shi za mu bi tarihinsa a cikin wannan takarda. Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan masu nazarin harshe da kiɗan gidan rawa na Turawa? Amsa ita ce, duk inda aka ɗora magana bisa kiɗa, har mutanen da ba su jin harshen suka haddace ta, to, akwai aikin mai ilmin harshe a wurin. Ban da wannan kuma akwai tambayar da ta shafi kowane mawaƙi, ko na Kinshasa ne ko na Kano: in an raba murya da mai ita, wa ke da waƙa?

Sai mu fara da asalin kiɗan. A cikin shekarun 1970 kiɗan da a ke kira disko ya cika gidajen rawa na Amurka. A 1977 wani Ba'italiye mazaunin Munich, Giorgio Moroder, ya haɗa wa Donna Summer waƙar I Feel Love, wadda kusan dukan kiɗanta daga fiyanon lantarki ya fito, aka ga ashe inji ma yana iya tā da mutane rawa. Ba a daɗe ba farin jinin disko ya dushe. Ran 12 ga Yuli 1979 aka tara faifan disko tuli a wani filin wasan ƙwallo na birnin Shikago aka tarwatsa su da nakiya, 'yan kallo suka ɓalle suka cika fili. Manyan kamfanoni suka janye hannu. Amma baƙaƙen fata na Shikago ba su bar rawa ba. A wani gidan rawa da a ke kira Warehouse, wani mai sa faifai, Frankie Knuckles, ya riƙa ɗinka tsofaffin waƙoƙi yana tsawaita wuraren da suka fi motsa jiki, daga baya kuma aka shiga ƙara musu bugun injin ganga. Daga sunan gidan nan kiɗan ya sami sunansa, haus.

Injunan gangar nan na wani kamfanin Japan ne, Roland. Ya fid da ɗaya a 1980, wani kuma a 1983, da nufin su maye gurbin makaɗi a ɗakin ɗaukar waƙa. Manyan mawaƙa suka ce sautinsu bai yi kama da na gangar gaske ba, kasuwarsu ta faɗi, suka koma kantunan kwance, inda yaran talakawa na Shikago da Detroit suka saye su da araha. Abin da attajiri ya yar shi ya zama jarin yaran nan. Kafin a jima kiɗan ya ƙetare teku, har a watan Janairu 1987 wani faifan haus na Shikago, Jack Your Body, ya hau kan jerin Ingila.

Beljiyam kuwa ta bi wata hanya dabam. Ƙasa ce ƙarama, mutanenta a lokacin ba su cika miliyan 10 ba, ga su kuma a rabe, na arewa suna magana da Holanci, na kudu da Faransanci, da 'yan kaɗan masu Jamusanci a gabas. Mawaƙin da ya yi waƙa da harshen gida, rabin 'yan ƙasarsa ma ba su saye. Saboda haka wanda ke neman kasuwa mai faɗi sai ko ya yi kiɗa zalla, ko ya ari Ingilishi. Wajen 1987 wani salo ya ɓullo a gidajen rawa na arewacin ƙasar, suna ce masa New Beat, watau sabon bugu. Labarin da a ke bayarwa shi ne, wani mai sa faifai a Antwerp ya ɗora faifan Flesh, wanda aka yi don ya juya sau 45 a minti, ya bar garmaho a kan 33. Kiɗan ya fito da nauyi, yana jan ƙafa, masu rawa suka ce shi su ke so. Samari suka riƙa tururuwa zuwa gidan rawa na Boccaccio kusa da Ghent, ƙananan kamfanoni suka shiga zubo faifai kamar ruwan Agusta. Irin wannan yayi ba ya tsufa. Kafin 1989 ta raba tsakiya an fara ƙosawa da shi.

Cikin masu wannan sana'a akwai Jo Bogaert, mutumin garin Aalst, haifaffen 1956, wanda ya yi karatun falsafa kafin ya koma kiɗa. Ya lura sabon bugu ba zai wuce maƙwabta ba, shi kuwa Amurka ya ke hange. Ya haɗa wani kiɗa mai sauri irin na Shikago, ya fara fid da shi ba waƙa, sa'an nan ya ga abin da ya rage masa shi ne murya, muryar da in Ba'amurke ya ji ba zai ce baƙo ne ba.

Muryar nan ta wata yarinya ce mai shekara 17, Manuela Kamosi, wadda ta laƙaba wa kanta Ya Kid K. A Kinshasa aka haife ta a 1972, sa'ad da a ke kiran ƙasar Zayar. Tana da shekara 11 aka kai ta Beljiyam, daga nan ta zauna Amurka, har da Shikago ɗin kanta, inda ta sha kiɗan haus daga bakin rijiya, ta kuma koyi rap, wannan da samarinmu ke kira gambarar zamani. Da ta komo Beljiyam ta shiga cikin 'yan gambarar Antwerp. Ita ta tsara kalmomin, ita ta rera su. Aka fid da faifan a daminar 1989, watau cikin watan Agusta, ta hannun wani kamfanin Beljiyam mai suna ARS. Shi Bogaert bai sa sunansa na yanka ba, ya ɓuya bayan sunan Thomas de Quincey, wani marubucin Ingila na ƙarni na 19. Ashe tun daga tushe kowa da rigar aro ya fito.

A nan ya kamata mu dakata mu dubi waƙar kanta, gama a cikin ƙirarta ne rabin dalilin farin jininta ya ke.

Ƙashin bayan kiɗan bugu ne guda, mai nauyi, yana faɗuwa daidai wa daida kimanin sau 125 a minti, ba ya gaba ba ya baya, tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna daka ya san irinsa: taɓarya ɗaya tana riƙe da zubi, sauran suna lugude a tsakani. Bambancin shi ne hannun mace yana gajiya, inji ba ya gajiya. Bisa wannan bugu aka shimfiɗa wani amo mai kauri na fiyanon lantarki, gajere, yana komowa, yana komowa. Ba a canja kari, ba a hawa, ba a sauka. Abin da mai haɗa kiɗa ke yi kurum shi ne ya cire wani sashe ya bar kunne da yunwarsa, can ya maido shi.

Kalmomin kuwa in an tattara su ba su cika tafin hannu ba, kuma ta wajen nahawu kusan dukansu umarni ne: a ƙara, a tashi, a taka. Babu labari, babu yabon wani, babu zambo. Ko sunan waƙar umarni ne. Kalmar farko, pump, ita ce Hausa ta ara ta ce famfo, ma'anarta a nan a bunƙasa abu kamar yadda a ke ba taya iska. Ta ƙarshe, jam, a bakin baƙaƙen Amurka tana nufin waƙa mai daɗin rawa, ko taron rawar kansa. Watau dai a cika wa kiɗan iska. Shekara biyu kafin nan wani faifai mai suna Pump Up the Volume ya riga ya hau kan jerin Ingila, don haka kunnen masu saye ya saba da wannan lafazi.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin sauti shi ne yadda aka zaɓi gaɓoɓin. Kalmomin Ingilishi ne masu gaɓa ɗaya ɗaya, yawancinsu suna farawa ko suna ƙarewa da baƙin da ke toshe iska a leɓe, irin su p da m da b. Kowace gaɓa tana faɗuwa kan bugu kamar gula kan fata. A waƙar Hausa al'amarin ba haka ya ke ba. Harshenmu yana da karin sauti da tsawon wasali, mawaƙi ba shi da ikon ya murɗe su yadda ya ga dama, in ba haka ba ma'ana ta ɓaci. Shi ya sa kalangu ke iya magana: gangar ce ke kwaikwayon baki. A faifan Technotronic an juya abin, baki ne ke kwaikwayon ganga. Wanda bai san kalma ɗaya ta Ingilishi ba bai yi hasarar kome ba, domin ko mai Ingilishin ba ma'ana ya ke bi ba. A ganina wannan shi ya buɗe wa faifan ƙofar Sifen da Jamus da sauran ƙasashen da Ingilishi ba harshensu ba ne.

Akwai wani wuri guda a cikin amshin da masu rubuta kalmomin waƙar suka rabu a kansa tun fitowarta. Waɗansu suna jin ƙananan kalmomin Ingilishi ne suka narke cikin sauri suka zama gaɓa biyu. Waɗansu kuwa suna rubuta awa. To, awa kalma ce ta Lingala, harshen kasuwa da waƙa na Kinshasa, ma'anarta nan, watau wurin da mai magana ya ke. Ni kunnena ya fi karkata ga na biyun, ko da ya ke na san kunnen mai ilmin harshe yakan ji abin da ya ke so ya ji. Irin wannan ruɗani ya sami ɗaya faifan ma. 'Yan Italiyan nan sun tsinto muryar ne daga wata waƙa ta 1980 ta Loleatta Holloway, Ba'amurkiya, suka ji kalmar right a bakinta kamar ride, domin Amurkawa sukan tausasa t in ta faɗa tsakanin wasula biyu har ta yi kusa da d. Kuskuren ji ya zama sunan faifan da ya fi kowane kasuwa a Ingila a 1989.

Yanzu mu koma ga fuska. Da aka zo buga jakar faifan da ɗaukar majiginsa, ba a sa Ya Kid K ba. Ita yarinya ce mai shigar 'yan gambara, hular hana salla da riga burmemiya, ba irin surar da 'yan kasuwa ke so su manna a kanti ba. Aka samo wata mai tallan tufafi, Felly Kilingi, ita ma haifaffiyar Kongo, aka sa ta gaban hoto mai walƙiya launi launi, tana rawa tana bin kalmomin da leɓe. A jikin faifan aka rubuta Technotronic tare da Felly. Sunan Kamosi yana nan, amma cikin ƙananan baƙaƙe, a layin waɗanda suka tsara waƙa, inda ba mai dubawa sai lauya.

Dabarar ta ci kasuwa. Faifan ya zo na ɗaya a Beljiyam da Sifen, na biyu a Ingila. A Amurka, inda Bogaert ya ke hange tun farko, ya kai na biyu a jerin Billboard cikin Janairu 1990, wata waƙar soyayya ta Michael Bolton ce kaɗai ta tare masa gaba, aka kuma sayar da fiye da miliyan ɗaya a can. Kiɗan da aka haifa a Shikago, gidajen rediyon Amurka suka yi ta yi masa kallon hadarin kaji, sai da ya zaga ta wani ɗan gari na Beljiyam ya komo da tambarin Turai sa'an nan suka buɗe masa ƙofa sosai.

Ba za a fahimci zancen matan nan biyu ba sai an tuna abin da ke tsakanin Beljiyam da Kongo. Daga 1885 ƙasar tana hannun Sarki Leopold na Biyu a matsayin mallakarsa ta kansa, daga 1908 ta koma hannun gwamnatin Beljiyam, har ta sami mulkin kai ran 30 ga Yuni 1960. Wannan igiya ita ta jawo 'yan Kongo zuwa Brussels, har wata unguwa a can ta ɗauki sunan Matonge, sunan wata unguwar Kinshasa. A 1897 an kawo mutanen Kongo 267 aka ajiye su a Tervuren don Turawa su yi kallo, bakwai suka mutu a wurin. A babban bajekolin Brussels na 1958 ma an sake kafa ƙauyen Kongo na kallo. Ba na cewa masu kamfanin faifai sun zauna sun tuna da wannan, su riba su ke nema. Amma al'adar a dubi 'yar Afirka a ga sura kawai, har a ɗauka wannan tana iya tsayawa a madadin waccan ba wanda zai damu, ba ranar aka fara ta ba. An ɗauki murya daga 'yar Kongo guda, an ɗauki jiki daga wata, an haɗa mace ɗaya wadda babu ita a duniya, aka sayar.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Faifan da ya yi irin wannan kasuwa dole a nemi mai shi ya fito fili ya yi waƙa, a kuma yi hira da shi, Felly kuwa ba ta iya ko ɗaya. Da faifai na biyu, Get Up, ya fito a farkon 1990, sunan Ya Kid K ne a jikinsa, ita ce kuma a majigin, da hularta. Shi ma ya kai na biyu a Ingila, na bakwai a Amurka, abin da ya nuna tsoron 'yan kasuwan ba shi da tushe. A shekarar nan Technotronic suka riƙa buɗe wa Madonna fage a yawon wasanta na ƙasashe.

Sun yi sa'a sun gyara da wuri, gama a ƙarshen shekarar guguwa ta taso. A watan Nuwamba 1990 Frank Farian, wani mai haɗa kiɗa na Jamus, ya faɗa da bakinsa cewa samarin nan biyu na Milli Vanilli ba su rera ko baiti ɗaya a faifansu ba, cikin 'yan kwanaki aka ƙwace kyautar Grammy da aka ba su. Wata mawaƙiyar Amurka mai babbar murya da babban jiki, Martha Wash, ta kai ƙara kotu, domin ita ta rera yawancin waƙoƙin kundin Black Box da shahararriyar waƙar C+C Music Factory, amma siraran mata aka nuna a madadinta. Aka sasanta da ita, aka sa sunanta. Abin lura shi ne, a duk waɗannan shari'u kusan kullum masu murya da masu fuska baƙaƙe ne, suna ta jin kunya a gaban jama'a, masu injin kuwa suna can bayan labule.

Mu nan wannan al'amari ba baƙonmu ba ne, sai dai mun san shi ta wata ƙofa. Duk wanda ya shiga silima a Kano ko Zariya ya kalli fim ɗin Indiya ya san jarumar ba ita ke waƙa ba. Su ma can da fari ɓoye mai murya a ke yi. A 1949, da aka buga faifan shahararriyar waƙar fim ɗin Mahal, sunan da aka rubuta a jiki Kamini ne, watau sunan matar cikin labarin, sai da masu sauraro suka dami gidan rediyo da tambaya kafin aka bayyana Lata Mangeshkar. Daga baya sunanta ya fi na jarumai da yawa nauyi. Da finafinan Hausa suka kunno kai daga 1990, suka ɗauki wannan tsari ɗungurungum: a haɗa kiɗa da fiyano, mawaƙiya ta rera a ɗaki, jaruma ta hau kai ta yi mamin. Ba wanda ke kiran wannan zamba, domin mai kallo ya san yarjejeniyar, yana kuma iya faɗin sunan mai muryar. Laifin faifan Beljiyam shi ne an rubuta sunan wata a inda mai saye ke neman sunan mawaƙi. Makaɗan gargajiya namu sun toshe wannan ƙofa tun tuni. Shata yakan ambaci kansa a tsakiyar waƙa, haka sauran manyan makaɗa sukan yi wa kansu kirari kafin su yi wa ubangida, har ya zama ba a iya sace waƙar ba tare da sunan mai ita ba.

Bayan wannan tauraron Technotronic ya yi ta disashewa a hankali. Sun sake leƙowa a 1992, da wani kamfanin kayan kwalliya, Revlon, ya sa waƙarsu Move This a tallarsa, ta kai ta shida a Amurka. Amma tsarin da faifan farko ya kafa, watau Bature a kan inji, baƙar murya a gaba, gambara a baiti, rerawa a amshi, shi ƙungiyoyin Jamus da Holan da Italiya suka yi ta bi har tsakiyar shekarun 1990. Waƙar kanta ta koma filayen wasanni, inda a ke sa ta don a zuga 'yan kallo, ta shiga fim ɗin Space Jam a 1996. A 2022 wani shirin barkwanci na BBC, Cunk on Earth, mai kwaikwayon shirye-shiryen tarihin duniya, ya mai da ita ma'aunin zamani: kome a ke ba da labari, ko daular da ta shuɗe ko wata ƙirƙira, sai mai gabatarwa ta faɗi shekara nawa ke tsakaninsa da fitowar faifan Technotronic, sa'an nan a katse shirin a sa majigin. Majigin da su ke sawa shi ne na 1989, Felly tana motsa baki, Manuela Kamosi tana waƙa.